Rabin ƙwayar da ɗiyata ke tsaga mini

Salamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ban ce uffan a nan ba, har wasu sun je rumfata a kasuwar hatsi suna tambaya ko na rasu. Ban rasu ba. Fitsari ne ya kusa kai ni.

Abin ya faro a hankali. In tsuguna in yi ta jira, sai ɗigo. In yi alwala, kafin in kai masallaci ta karye. Na bar sahun gaba na koma bakin ƙofa, kusa da takalma. Ban gaya wa kowa ba. Mai furfura zai ce wa wa fitsarinsa ya ƙi fita?

Wata Juma'a ya tsaya cak. Marata ta kumbura ta yi tauri kamar ƙwarya. A kan babur ɗin haya, kabu-kabu, aka kai ni asibiti daga Sabon Gari, ina kuka a bainar jama'a.

Aka sa mini robar fitsari. Ba zan kwatanta muku ba. Na yi makonni ina yawo da jakar fitsari a ƙarƙashin babbar riga, ina jin warin kaina.

Aka ɗebi jini, aka yi eko, wato hoton ciki. Likita ya ce wata tsoka ce ta maza a ƙarƙashin mafitsara, furostat, ta kumbura ta matse hanya. Ba ciwon daji ba ne. Ya rubuta ƙwaya ɗaya kullum, ya ce sai an daɗe ana sha.

Lokacin an rufe iyaka. Maganin ya yi wuya a Maraɗi, in ka same shi kuma kwali ɗaya ya cinye cefanen mako. Sai na yi dabarar talaka: a raba kowace ƙwaya biyu.

Hannuna na rawa, idona ya yi rauni. Ɗiyata ta fari, wadda ke aure a Jiratawa, ita ta ɗauki jinyata, tana zuwa tana komawa. Ita ke sa reza ta tsaga ƙwayar a tafin hannunta, ta kakkaɓe garin cikin kununa don kada a yi asara, ta ɗanɗana ta ji ko ya huce, sannan ta miƙo mini.

Ba ta taɓa tambayata maganin mene ne ba, ni ma ban faɗa ba. 'Yar fari ce, ko sunanta ba na kira.

Sauƙi ya samu, aka cire roba. Bayan watanni sai wanzamina ya ce, "Alhaji, sanƙon ga naka hwa ya hwara tsiro. Ko amarya za a ƙara?"

Na kai wa likita labarin don mu yi dariya. Ya ce ai maganin ɗaya ne da wanda masu sanƙo ke sha. Na ce, "To ina ga da cikakkiya nike sha? Rabi-rabi ɗiyata ke tsaga mani."

Ya ajiye biro.

"Baba, tana da aure? Tana da ciki?"

Na ce, "Wa ke tambayar ɗiyatai wannan?"

"Yau kai za ka tambaya. Ƙwayar ga in ta fashe, mai ciki ba ta taɓa ta. In ɗa namiji ne, tana iya lalata halittar gabanshi."

Ban iya tambayarta ba. Uwarta na tambaya. Hajiya ta sunkuyar da kai ta ce, "Wata huɗu ke nan. Kunya ta hana a gaya maka."

Wallahi robar ba ta yi mini zafin wannan magana ba.

Aka yi mata eko. Namiji ne. Likita ya ce abin da ya shiga jikinta kaɗan ne, da wuya ya yi illa, amma ba zai rantse ba. Sai an haihu.

Na warke, na rasa daɗin warkewar. Abinci ya fita raina. Gashin da ya tsiro na sa wanzami ya aske shi ƙwal, ba na son ganinsa. Na tsani ƙwayar, na so in daina sha. Ita da na jefa cikin wannan hali ita ke lallashina: "Baba, ka sha maganinka. Abin da Allah ya rubuta shi za mu gani."

A gidana ta haihu. Da aka kawo mini jaririn a naɗe, ban tsaya addu'a ba, na kwance zanen a gaban mata, abin da ban taɓa yi wa ɗa ba. Ina cikin dubawa, sai ya sako fitsari, miƙe, daga inda ya kamata, har gemuna.

Mata suka kwashe da dariya. Ni kuka na yi.

Likita ya duba shi, ya ce lafiya lau. Alhamdu lillahi. Na gode wa Hajiya, da likitan, da ɗiyar nan tawa da har yau ba ta ce mini don me ba.

Maza 'yan uwana, in fitsari ya fara gardama ku je asibiti tun kuna tafiya da ƙafarku. Kada ku raba ƙwaya sai likita ya ce. Masu shan ta don sanƙo, ku ma da ku nake. Ku ajiye ta nesa da mata.

Kuma wadda ke miƙo muku magani, ku gaya mata na mene ne, ku tambaye ta ko tana da ciki. Kunyar ɗan lokaci ce. Ni na guje mata, saura ƙiris jikana ya biya.