Kujerar da na ajiye a ƙarƙashin kwando

Shekarun baya, ina sabon malamin wasanni a wata makaranta a Tanut, 'yan Belbeji suka zo mana wasan ƙwallon kwando. Wanda ya ci shi zai tafi gasar Damagaram. Ni kuwa da ɗan littafina a hannu, ina rubuta duk jifar da aka yi, don a lokacin na ɗauka koyarwa ke nan.

Gwanin yarana wani dogo ne ɗan makiyaya. A ranar, mahaifinsa ya shigo gari cin kasuwa, ya biyo kallo, abin da bai taɓa yi ba. Don girmamawa na kai masa kujera inuwar itacen bedi, daidai bayan kwando ɗaya.

Kafin hutun rabin lokaci yaron ya yi wasa mai kyau. Da aka sauya gefe, sai komai ya lalace. Jifa bakwai, babu wadda ta shiga. Saura minti uku, ana binmu maki huɗu, mutane na ta cewa in fitar da shi. Na duba littafi, shi ma haka ya nuna. Na nemi hutun minti ɗaya.

Sai tsohon mai gadinmu ya matso, ya kira ni yadda ake kiran malamin boko a nan. "Mushe, kai da ka yi karatu, wa ka zaunar a can?"

"Babansa ne."

"To, ɗan fari ne. Ta ina zai ɗaga ido?"

Sai a sannan na lura: kwandon da muke jefawa yanzu yana saman rawanin dattijon. Yaron yana jifa kansa a sunkuye.

Ta da babba daga kujera ba ƙaramin abu ba ne, kuma ban tabbata hasashen daidai ne ba. Na je na durƙusa, na fara kame-kame a kan rana da inuwa. Ya dube ni ya ce, "Malam, la'asar ta yi. Ina ake alwala?" Ya tashi ya zaga bayan aji.

Na bar yaron a fili. Jifar farko ta kuskure, na ce na kashe kaina. Ta biyu ta shiga, ta uku ma, abokansa suka ƙarasa sauran. Da maki ɗaya muka tsira.

Da dattijon zai tafi, bai nemi ɗansa ba, bai kuma ambaci sunansa ba. Ya dai ce mini, "Ka gaya wa wancan dogon, in za ku Damagaram ya biyo ya karɓi guzuri."

Ba zan ce na gano wani sirrin koyarwa ba, wataƙila ma sa'a ce ta taimake ni. Amma har yau, idan ɗan wasa ya rikice, nakan ɗan jinkirta kafin in zaunar da shi, in tambayi wanda ya fi ni sanin gidansu.