Akwatin da Ya Daidaita Mini Hannu

A da, in gida ya yi biki a Parakou, sai an nemo makaɗa da ransu, a shimfiɗa musu tabarma, a kai musu ruwa tun kafin a kai wa baƙi. Yanzu mutum ɗaya ne da kwamfuta da lasifika biyu, ya danna ya koma gefe yana latsa waya. Na yi kiɗa a Abidjan da Yamai da Kano, ko'ina haka abin ya tafi. Amma mu ba kwamfuta ce ta kashe mana sana'a ba. Ni ne, da wani ɗan akwati da na sayo.

Kusan shekara talatin ina kaɗa wa wata zabiya jita. A Tourou take zaune, gefen Parakou, ta girme ni, Yaya nake ce mata. Tana waƙa da Hausa da Dendi da Baatonum, kuma ta san zuriyar manyan gidajen Parakou da Djougou har kakan kaka. Sai idonta ya fara dushewa. Ban da ni da 'yarta, ba wanda ya san inda abin ya kai. A Kano na ga makafin mawaƙa ana ja musu sanda ana girmama su. A wurinmu aikin zabiya daban ne. Dole ta ga wadda ta taso daga cikin taro, ta tare ta da kirarin gidansu. Zabiyar da ba ta gani, ba a kiranta biki.

Sai muka samo dabara. Salon kiɗan ba na canza shi, don masu rawa za su lura. Ƙarfin hannu nake canzawa. In mutum ya zo ya tsaya gabanta, sai in sassauta har jitar ta koma kamar raɗa. Ita kuma ta duƙa ta ce, "Sannu da zuwa, uwar gida." Da an amsa ta gane murya, sai kirari ya ɓalle. In mutumin ya wuce, in daki wayoyin jitar da ƙarfi, ta miƙe ta koma amshi. Shekara da shekaru muna haka, mutane na cewa idon Yaya ya fi na yarinya.

Ni ma tsufa bai bar ni ba. Sanyin ƙashi ya kama mini yatsu, wata waya ta fita da ƙarfi, wata da ƙyar a ji ta. Da na je ganin ɗana a Marseille, ya kai ni wani ɗan shago inda wani Bature ke haɗa fedal na jita, wato 'yan akwatunan gyara sauti, da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya. Ya miƙo mini wani kore, bai fi gwangwanin sardin ba, da maɓallan murɗawa uku da wurin takawa. Kwamfuresa ake ce masa. Aikinsa ya danne sautin da ya yi ƙarfi, ya ɗago wanda ya yi rauni, ya kuma ja shi ya daɗe. Na kaɗa, sai na ji hannuna na ƙuruciya ya dawo. Baturen ya ce da Faransanci kada in murɗa na tsakiya da yawa. Na ce masa tun ba a haife shi ba nake riƙe da jita.

Da na dawo unguwarmu Kpébié na yi sati ina wasa da shi ni kaɗai a ɗaki, na murɗe na tsakiyan har ƙarshe don a nan ya fi daɗi. Ban gwada da Yaya ba. Mu ba ma gwaji, mun daɗe da wuce nan. A mota kawai na ba ta labari, muna hanyar Djougou.

"Kwamfuresa? Irin na firij?"

"Na jita ne, Yaya. Da hannu aka yi shi."

"To da ƙafa ake yin sauran? Allah ya sa ya sanyaya maka kai, ƙanena, ka daɗe da zafin rai."

Bikin na wani gidan 'yan kasuwa ne, bayan la'asar, ƙarƙashin rumfa a ƙofar gida. Na ajiye ampili, inda sautin jitar ke fita, kusa da ita kamar kullum, na zauna baya, na taka akwatin, 'yar wutarsa ta kama. Wasu makaɗan garin su biyu sun matso suna leƙen ƙafata. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin hakan.

Can sai gwaggon ango ta taso. Tsohuwa ce, tun daga ƙauyen Bariénou aka ɗauko ta a babur. Ta zo ta tsaya gaban Yaya da turmin atamfa a hannu. Na sassauta. Yaya ta ci gaba da amshi. Na ƙara sassautawa har da ƙyar nake taɓa waya, amma abin da ke fita daga ampili bai ragu ba, zaƙi kawai ya ƙara. A nan na gane. Taku ɗaya ya isa in kashe shi. Ban taka ba. Na ce a raina bari in gama wannan zagayen, sautin ya yi kyau, mutanen nan kuma suna kallo.

Tsohuwar ta gaji da tsayuwa, ta juya. Yaya ta ji taro ya yi wani irin shiru, ta san akwai abin da ya wuce ta. Sai ta duƙa, ta miƙa hannu biyu, ta ce cikin lasifika, "Sannu da zuwa, uwar gida." Ba kowa a gabanta sai wata kujerar roba.

Wata mata a layin gaba ta ce wa ta kusa da ita da Dendi, ba ta ko rage murya ba, "Ashe ba ta gani." Sai a lokacin na taka. Yaya ta ƙarasa waƙar, muryarta ba ta yi rawa ba. Amma ba wadda ta sake tasowa. Atamfar ma ta hannun wata aka aiko mata.

Mun yi rabin hanyar komawa gida, sai Yaya ta ce:

"Na jira ka sauko, ba ka sauko ba."

"Akwatin ne, Yaya. Shi ke ɗago sautin."

"Yaushe ka gane?"

Na iya ƙarya da harshe huɗu, ban samu ko ɗaya ba. Na ce, "Tun tsohuwar tana tsaye."

Ta gyara mayafinta ta juya wajen taga. Ba ta zage ni ba. Har yau na fi son a ce ta zage ni.

Labari ya riga mu isa Parakou. Gidajen da suka yi mana magana suka riƙa aiko da uzuri. Mata suka yi ta zuwa Tourou jaje, suna ɗaga mata murya kamar kunne ne ya samu matsala, suna ba ta sunan masu maganin ido. Wani ya ce a samo mai faɗa mata sunaye a kunne, ta ce ita ba za a yi mata jagora a gaban waɗanda ta yi wa iyayensu waƙa ba.

Ina zuwa gaishe ta ranar Juma'a. Tana amsawa, tana tambayar yatsuna, ta sa a kawo mini ruwa. Maganar kiɗa ba ta shiga tsakaninmu. Tun daga ranar Djougou ba ta sake tsayawa gaban taro ba, ni ma ban sake kaɗa wa kowa ba.