Kwana Biyun da Ba Na Kowa Ba

Matar yayana ta shekara goma sha shida tana ba mutane haƙuri a waya. A kamfanin da muke ƙera gadajen asibiti, ita ke faɗa wa mai saye ranar da kayansa za su iso, ni kuma direba, ni ke kaiwa. Ranar da ta faɗa daban, ranar da nake kaiwa daban. Ta sha zaginta ta waya, na sha nawa a bakin ƙofa, har na laƙaba mata Anti Jibi.

Tsakani da Allah ba laifinta ba ne. Gado ba abu ɗaya ba ne. Sai an yanka ƙarfe, a yi walda, a fesa fenti. Katifa ma sai an yanka soso an ɗinka masa riga, ga tayoyi da ake odarsu daga waje. Ɗaya ya makara, kowa ya makara.

Ranar da aka saka sabuwar manhajar tsara aiki a kwamfutarta, bakinta ya ƙi rufuwa. Ta jawo ni da hannun riga.

"Zo ka gani, marar kunya. In ka bar ta yadda ta zo, gadajen da ke sito kawai take dubawa, in babu ta cinci rana ta ba ka. Ni kuwa zan saita ta ta riƙa sauka hawa-hawa, daga gado zuwa katifa, daga katifa zuwa soso, ta lissafa kwanakin kowane, sannan ta faɗi rana."

"Ashe an kawo mai taya ki ƙarya," na ce. Ta jefe ni da biro.

Mako guda tana zagaye da littafi tana tambayar kowa kwana nawa aikinsa ke ci. Mai walda ya ce biyu, tela ya ce ɗaya, Baba mai fenti ya ce rabin yini. Yayana ya ce ko a gida hirar ke nan, har yara sun haddace.

Gwajin farko ya faɗo kan wata likita mai shirin buɗe sabon ɗakin haihuwa. Gado goma sha biyu take so, sau biyu muna saɓa mata, ta kuma ce wannan ne na ƙarshe. Manhaja ta ba da tara ga wata. Kafin ta kira likitar, Anti ta leƙa rumfar fenti don ta ga abin da ke ƙasa, ta jingina da wani ƙarfen gado da aka fesa tun jiya. Tana ɗagowa, mayafinta ya yi fari fat.

"Baba, ba rabin yini ka ce ba?"

"'Yata, aikina kika tambaya. Fesawa rabin yini ce. Bushewa kwana biyu take ci, amma ai wannan ba ni ke yi ba."

Mai haɗa gado kuma daga ranar da ya ɗauki busasshe yake ƙirga nasa. Ba wanda ya yi ƙarya. Kwana biyu ne zaune tsakanin mutum biyu, ba wanda ya ɗauke su nasa, su suka yi ta ja mana zagi shekara da shekaru.

Wallahi ban taɓa ganin mace ta ɓata mayafi tana dariya ba sai ranar. Da gudu ta hau bene zuwa ofishinta, ta ƙara wa manhajar wani mataki da ba shi da ma'aikaci ba shi da inji: bushewa, kwana biyu. Rana ta koma sha ɗaya.

Manaja ya haɗe rai. "Ki ce wa likitar tara. In ta ji sha ɗaya ta fasa, ke ma ki tattara ki bar teburin nan."

A gabansa ta kira. Ta ce sha ɗaya, ta faɗi dalili. Likitar ta ce, "To, za mu gani," ta kashe.

Ran sha ɗaya da hantsi muka gama lodi. Anti ta buɗe ƙofar motata ta shige gaba, ita da ba ta taɓa bin kaya ba. Duk hanya tana ce mini in rage gudu, tana kuma ce mini in yi sauri. Likitar da kanta ta fito, ta ƙirga gadaje, ta shafa ƙarfen ta duba tafinta.

"Ke ce ta wayar?"

"Ni ce, ranki ya daɗe." Har ta ɗan rusuna, bakinta ya saba da ban haƙuri.

"Ina son ƙarin takwas. Idan kin duba ki kira ni. Ranar da kika faɗa, ita zan sa a takardar da zan aika wa ma'aikatana."

A hanyar dawowa Anti ta juya fuska wajen taga tana goge ido da bayan hannu. Ni da ba na raga mata, na nemi abin tsokana na rasa, sai kawai na miƙa mata hankicina.