Ranar da Aka Sa Ni Shinshinar Hannun Mahaifina

A bakin hanyar da nake bi zuwa wurin aiki a Ƙanƙara akwai rumfar wani mai faci. Duk sa'ad da ya buɗe gwangwanin sholisho, wannan dankon da ake liƙe tiyub da shi, sai na riƙe numfashi har na wuce. Mai karatu, kada ka ɗauka ƙyama ce. Warin nan shi ne warin gidanmu na farko, kuma da shi aka raba ni da mahaifina.

Mahaifina mai gyaran kekuna ne a Damari. Sana'arsa ce ta sa masa gwangwanin a hannu, daga baya kuma ya zama ba ya rabuwa da wani tsumma da yake jiƙawa da shi yana kai wa hanci. Bai taɓa duka na ba. Sai dai yakan zauna da rana tsaka yana dariya shi kaɗai, tukunya kuwa babu komai a cikinta. Mahaifiyata ta gaji ta koma gidansu, ta yi wani auren. Ina da shekara bakwai yayansa, wanda muke kira Alhaji, ya zo ya tafi da ni Daudawa riƙo.

Zan faɗi gaskiya a kan gidan Alhaji, domin ban saba tauye wa kowa haƙƙinsa ba. Na ci na ƙoshi, an ɗinka mini kayan Sallah tare da 'ya'yan gida, an sa ni makaranta. Amma a gidan nan sunana ɗiyar mai tsumma, kuma manya ne suka raɗa, yara suka ɗauka. Wata damina tari ya kama mu mu huɗu. Hajiya, matar Alhaji, ta bi sauran ukun da cokalin maganin tari, da ta zo kaina ta rufe kwalbar.

"Ke dai a dafa miki citta," in ji ta. "Abin nan jini yake bi. Ba da hannuna za a buɗe miki ƙofa ba."

A shekara ta biyu mahaifina ya zo neman a mayar masa da ni. Alhaji ya gindaya sharaɗi a gaban dattawan unguwa: ya rufe rumfar gyara, ya koma gona, kada ya kusanci tsumma daga ruwan shuka har a yanke dawa. Idan ya cika, ya zo ya ɗauki ɗiyarsa.

Wannan daminar na ƙirga ta kamar yadda manoma suke ƙirgawa. Na ga shuka, na ga noman farko da maimai, na ga dawa ta yi bununi. Masu zuwa daga Damari suna cewa ya yi baƙi, ya rame, amma yana gona tun asuba. Ni kuwa na ɗaure kayana a ɗankwali na ɓoye a bayan randa.

Ya iso wata Juma'a bayan la'asar, a kan kekensa, da damin dawa a baya, na farko da ya yanka a gonarsa, ya kawo wa yayansa. Aka shimfiɗa tabarma a zaure, dattawa suka zauna. Sai aka aika a kira ni. Da ya gan ni ya ce, "Uwata, kin girma," domin sunan mahaifiyarsu aka sa mini.

Alhaji bai bari na amsa ba.

"Mu nan ba mu san warin abin nan ba," ya ce wa dattawan. "Wadda ta tashi a cikinsa ita ta san shi. Ke, matso. Kai kuma miƙo hannu."

Mahaifina ya miƙo hannuwansa biyu, duk sun yi kanta saboda fartanya. Na sunkuya. Tun kafin hancina ya kai na ji shi, sabo, a yatsun hannun dama. Na ɗago na dubi fuskarsa, idanunsa fari tas, ba kamar da ba.

"Mi kika ji?" in ji Alhaji. "Kin dai san makomar maƙaryaci."

Shekarata tara. A islamiyya an koya mini makomar. Na ce, "Akwai."

"Yaya, faci na yi a hanya," mahaifina ya ce. "Ƙaya ta huda mini taya bayan na baro gida. Na karɓi kayan mai faci na yi da hannuna don kada in makara. Bari in ciro tiyub ɗin ku gani."

Alhaji ya ce, "Ɗiyarka ta cikinka ta ba da shaida. Ko ita ma ƙarya take?"

Mahaifina ya dube ni. Sa'an nan ya ce, "A'a. Uwata ba ta ƙarya."

Dattawa suka shafa fatiha aka tashi. Ta kafar zana na hango shi a ƙofar gida, ya kifa keken, ya zare tiyub ɗin, ya ɗaga shi sama da facin a jiki, yana jiran wani ya fito ya duba. Mutum bakwai ne a zauren nan, na san su ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya taka ƙafa goma ya duba. Har aka kira magariba yana tsaye. Damin dawar kuwa an karɓa, an kai rumbu.

Kafin a gama sussuka labari ya zo cewa ya koma wa tsumma. Alhaji ya ce ai ga shi nan, dama ya faɗa. Bayan shekara uku mahaifina ya rasu a Damari, ban sake ganinsa ba. Ba zan rantse cewa da an ba shi ni zai ɗore ba, wannan sanin na Allah ne. Abin da na sani shi ne ya cika sharaɗin, kuma manya bakwai suka ɗora wa yarinya hukuncin da ba su da ƙarfin halin yankewa da bakinsu.

Yau ni ce mai buɗe katin marasa lafiya a wani ƙaramin asibiti. Tsumma ya ja baya, ƙwaya da kwalba sun maye gurbinsa, 'ya'yan riƙo kuwa sun fi na zamaninmu yawa. Idan mai riƙo ta fara zayyana mini halin uban yaro a gabansa, nakan dakatar da ita, in ce sunan uba kawai na tambaya.

Alhaji ya rasu, an yabe shi da riƙon zumunci. Hajiya tana raye, kuma duk Sallah ina zuwa gaishe ta. Idan akwai baƙi takan nuna ni da alfahari ta ce, "Wannan riƙonmu ce. Tarbiyya muka ba ta. Ko ubanta ba ta rufa wa asiri ba." Baƙin su ce madalla, ni kuma ina durƙushe a gabanta har ta gama.