Dattijo Mai Farautar Yoyo

A jirgin ƙasan safe mai zuwa Sydney, Merrin ta kasa ɗauke ido daga dattijon da ke gefenta. Gajeren wando, silifa, gemu fari fat, kwamfuta a kan gwiwa. Shayinsa tuni ya huce. A allon, wani jan zare ne ke hawa sannu a hankali, shi kuwa sai hararar zaren yake yi yana tsaki.

"Lafiya dai, Baba?"

"Ina fa lafiya! Wata manhaja ce ta jera lambobi, kowa na ɗauka kyauta. Yoyo take yi. Sai ta ari gurbi a ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta gama aiki ta ƙi mayarwa, har na'ura ta cika ta sume. Jan zaren nan cikar yake nunawa. Masu auna ruwan teku sun ishe ni da kuka. In mun isa tashar Gosford ki taɓa ni."

A ganin Merrin, irin mutanen nan ne da suka ajiye aiki amma hannu ya ƙi zama, suna gyara abin da duniya ke mora ba wanda ya san sunansu.

Ya ƙara 'yan kalmomi, ya danna, ya runtse ido.

"'Yata, duba mini. Yana hawa?"

"Ya kwanta."

"Rantse!"

"Na rantse, Baba. Ga kuma Gosford, sai ka sauka."

Ko gezau. Ya kurɓi shayinsa mai sanyi, bakinsa har kunne.

"Bar ta ta wuce, tasha tana nan gobe. Wannan ɓarawon tun hunturu nake bin sawunsa."