Layi Biyu a Kan Akwatin Jibrilla

Shekara arba'in na yi ina buga akwatin ƙarfe a kasuwar Jimeta. Kunnena na hagu ya mutu saboda ƙarar guduma, kuma abin da na sani game da mutane a hannunsu na gan shi, ba a bakinsu ba. Sunana Ya'u. Akwatina ba ya tsatsa da wuri, marfinsa ba ya karkacewa. Amma akwai guda ɗaya da na yi wanda ya kusa kashe ɗan mutane, shi ya sa nake ba da labarin Jibrilla Bobboyi.

A shekarar 1971 ne, muna Jihar Arewa maso Gabas. Bobboyi manomin shinkafa ne a bakin tafkin Njuwa, Bafulatanin Yola, dogo, marar hayaniya. Jibrilla ɗansa na fari ne, kuma shi ne na farko a danginsu da ya gama sakandare. Wanda ya san mutanen nan ya san kunyar ɗan fari. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya zama tabarma ɗaya da shi, ba ya yabonsa. In yana da saƙo sai ya faɗa wa ƙanwa, ƙanwa ta kai. Haka Jibrilla ya kai shekara goma sha tara bai taɓa jin sunansa a bakin ubansa ba.

Da yaron ya rubuta jarrabawar ƙarshe, tun sakamako bai fito ba, sai ga Bobboyi a rumfata.

"Ya'u, babba nake so. Mai kwaɗo biyu."

"Sunan wa zan rubuta?"

Ya dubi ƙasa. "Na gidan nan."

"Gidanka mutum goma sha ɗaya ne."

"Ka sani ai," in ji shi.

A sana'armu layi biyu ake rubutawa a jikin akwati: suna a sama, garin da za a je a ƙasa, don yaran mota su san inda za su sauke kaya. Na tambaye shi garin, ya ce malaman makarantar sun ce irin kan yaron nan sai jami'a, sai Zariya. Na yi wa akwatin baƙin fenti, na ɗauki ruwan ɗorawa na rubuta JIBRILLA BOBBOYI, a ƙarƙashi ZARIYA. Aikin ya yi kyau. Da ya yi kyau, sai na ɗora shi can saman sauran akwatunan a bakin rumfa, yana kallon hanya, don masu wucewa su ga hannuna. Bobboyi ya ce a bar shi a wurina sai ranar tafiya. Ban yi tunanin komai ba. Talla nake yi.

Kafin mako biyu duk kasuwa ta karanta, waɗanda ba su iya ba an karanta musu. Hanyar Jibrilla ce kullum in zai je gidan waya. Mahauta su ɗaga wuƙa: "Na Zariya, a sauka lafiya!" Hansai mai fura ta ce in ya zama likita ita ce ta farko a layi, gwiwarta ta dame ta. Masu faci suka fara ce masa Ranka-ya-daɗe. Da farko yakan yi murmushi. Daga baya ya riƙa wucewa da sauri, kai a sunkuye. Daga nan na daina ganinsa, ashe zagayawa yake ta bayan rumfunan hatsi.

Wata uku ana jira. Ƙanwarsa Asta ce ta fara gaya mini, ranar da ta kawo tukunya in liƙe mata.

"Bappa Ya'u, Hamma Jibrilla ba shi da lafiya. Ba ya cin abinci. In ya ɗauki kofi hannunsa rawa yake har ruwan ya zube. Jiya ya ce ƙirjinsa zai fashe, ya zauna a ƙasa yana haki kamar wanda aka koro."

Sun kai shi asibitin sha-ka-tafi, wurin Malam Apollos mai duba marasa lafiya. Ya sa abin awo a ƙirjinsa, ya duba idonsa, ya ce zuciya lafiya, jini lafiya, tunani ne ya yi masa yawa, a sami mai zama da shi ya saurare shi. A gida ba a gane wannan ba, don ba allura ba ce ba ƙwaya ba. Mahaifiyarsa ta ce iska ce ta bakin tafki, aka karɓo rubutu. Bobboyi ya yanka zakara aka yi wa yaron farfesu, ya ba Asta ta kai, shi kuma ya koma gona. Ni kaina da na ji, cewa na yi zaman banza ne, a ba shi fartanya.

Wata Laraba bayan azahar, kasuwa ta yi sanyi, na ji mutum tsaye a bayana. Jibrilla ne. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa, leɓensa ya bushe.

"Bappa, don Allah ka juya akwatin nan ya kalli bango."

"Me ya yi maka?"

Ya zaro takarda daga aljihu, ta yi laushi saboda ninkewa da gumi. Sakamakon ne. Kwana goma sha ɗaya yana yawo da shi. Ya ci wasu darussa, ya faɗi lissafi da Turanci. Babu Zariya.

"To ka gaya wa Baba mana. Ba kai ka fara faɗuwa ba."

"Ta ina zan gaya masa? In aiki Asta? Bappa, tun da aka haife ni ban san abin da yake tunani a kaina ba. Ranar da na ga akwatin nan ne na san yana tuna ni. Kuma tare da Zariya ya tuna ni. Yanzu kowa a kasuwar nan yana jira. In na rufe ido su nake gani." Sannan ya ce, a hankali kamar yana gaya mini farashin kusa, "Kwana huɗu ke nan ina zuwa mashigin jirgin fito. Ba na hayewa. Ruwan kawai nake kallo."

Damina ce, kogin Binuwai ya cika ya batse.

Ban iya lallashi ba. Na zaunar da shi a kan benci, na kira maƙwabcina Ɗanburam tela, na ce masa in yaron nan ya motsa daga nan kafin in dawo, ni da shi ne. Na hau keke na nufi Njuwa. Duk hanya a raina ina ganin rumfar babu kowa a kan bencin.

Na tarar da Bobboyi cikin ruwa har gwiwa yana cire ciyawa. Na gaya masa komai, ban rage ba, har da kogin.

"Na biya kuɗin makaranta," in ji shi. "Na sa an yi akwati. Na yanka zakara. Me ban yi ba?"

"Ba ka ce masa komai ba."

"Mu ba ma haka, Ya'u. Ubana bai taɓa kiran sunana ba, ga ni."

"Ubanka bai sa an rataye sunanka a tsakiyar kasuwa ba. Wannan ni da kai muka yi. Ka fito daga ruwan nan, ko gobe a fito maka da shi daga wancan."

Ban taɓa yi wa dattijo magana haka ba. Ya fito. Bai wanke ƙafa ba, ya hau bayan keken.

Jibrilla na nan kan benci, Ɗanburam ya riƙe masa gefen riga yana ba shi labarin banza. Da ya ga ubansa sai ya zabura. Mutane sun fara leƙowa. Bobboyi bai dube shi ba. Ya sauko da akwatin da kansa, ya dire a ƙasa, ya ɗauki magagarina daga kan teburi, ya durƙusa. Sai ya tsaya. Bai iya karatun boko ba, layukan biyu duk ɗaya ne a wurinsa. Ya dube ni, na kau da kai da gangan. Ya dubi Ɗanburam, shi ma ya kama gyaran zare.

Babu Asta a wurin da za a aika. Ya juya wajen ɗansa.

"Kai," ya ce. "Zo ka nuna min wanne ne naka."

Jibrilla ya matso da gwiwa, ya ɗora yatsa a layin sama. Bobboyi ya sa tafin hannunsa ya rufe layin, don kada ƙarfe ya taɓa shi, ya kankare na ƙasa har farin kwano ya fito.

"Wannan na saya wa akwati," in ji shi. "Wancan gari ne kawai. Tashi mu je gida."

Ya ɗauki akwatin a ka, laka har gwiwa, ya bi ta gaban mahauta da Hansai, yaron na biye. Ba wanda ya ambaci Zariya.

Ba a ranar ya warke ba. Wata biyu Asta tana raka shi wurin Malam Apollos duk Asabar, su zauna a baranda su yi magana. Bobboyi ya riƙa tafiya da shi gona, kunyar noma ɗaya suke bi, magana kaɗan. Shekara ta zagayo ya shiga kwalejin horon malamai, ya yi koyarwa a firamare a Luggere har ya yi furfura. Rawar hannun ba ta bar shi gaba ɗaya ba, takan dawo lokacin jarrabawar ɗalibansa. Yaran da ya koyar sun ce yana da wata ɗabi'a: ranar ba da sakamako, waɗanda suka faɗi yake fara kira, ɗaya bayan ɗaya, da cikakken sunansu, ya zauna da kowanne kafin ya bar shi ya tafi gida.

Bobboyi ya rasu bai kira sunan ba ko sau ɗaya. Akwatin yana ɗakin Jibrilla, tabon magagarin ya yi tsatsa, ya hana ni in shafa masa fenti. Ni kuma tun daga ranar ba na rubuta layin ƙasa sai an nuna mini takardar ɗauka, kuma akwatin da ke da sunan mutum a cikin rumfa yake kwana, fuska a bango.