Gurbin Ranar Haihuwa

Yayata ba ta iya surutu ba, shi ya sa na ɗaukar mata wannan fushin, kuma ba ni da niyyar saukewa.

Rubuta manhajar kwamfuta ne aikinta. Tun muna yara ita ce mai kwance rediyon Baba ta mayar da shi daidai. Da ta gama karatu ta samu aiki a wani kantin magani, aka ajiye ta a lungu bayan kwalaye, fanka ɗaya tana ƙara. Ita ta haɗa musu manhajar da ke riƙe sunan kowane mai sayayya da lambarsa da ranar haihuwarsa.

Gurbin ranar haihuwar nan ta bar shi yadda za a iya tsallakewa, don ba kowa ya san tasa ba. Manaja, mai son a ce ya iya, ya leƙo ya ga gurabe fayau, ya ce sun ɓata masa tsari.

"Cike su da sifili."

"Ranka ya daɗe, kwamfutar nan ba ta ɗaukar sifili a matsayin babu. Ɗaya ga Janairun 1970 za ta karanta."

"Ke dai yi abin da na ce."

Ta yi. Daga baya shi da kansa ya kunna saƙon taya murna bai gaya mata ba. Ranar ɗaya ga Janairu duk wanda ba a san ranarsa ba ya samu saƙo: barka da zagayowar ranar haihuwa, Allah ya ƙaro shekaru. Har da wani dattijo da ya daɗe yana sayen maganin zuciya, wanda bai daɗe da rasuwa ba. Matarsa ce ke riƙe da wayar. 'Ya'yansa suka zo kanti suka yi ta ruwan masifa, manajan nan ko kunya babu ya nuna lungun Yaya. Kafin yamma an sallame ta.

Abin da ya fi ƙona min rai, washegari ita ce ta tafi ba da haƙuri, ni ina biye da ita ina huci. Tsohuwar ta saurare ta har ƙarshe, tana juya wayar a hannu.

"Ba komai, 'yata," ta ce. "Ni da na ga saƙon har na tashi zan kai masa ɗaki."